Koyil da fulogi, ko batir da wayoyinsa: wanne ke sa tsohuwar mota rawa?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu daga Mabera a Sakkwato ya kawo kukansa a kan Golf 3 ɗinsa. In ya tsaya a cunkoso sai injin ya kama rawa kamar zai mutu, abin ya fi tsanani da dare, kuma sau biyu ke nan yana sauya fulogi ba a ga sauƙi ba. Bakanikensa ya ce a sayo koyil da wayoyin fulogi. Mai wayarin kuwa ya ce ba nan gizo ke saƙa ba, a duba caji da wayoyin batir. Yana son ya san wa zai bi.

Malam, su biyun duk zancen wuta suke yi, sai dai wutar mota gida biyu ce. Akwai ƙaramar wuta, wato bolt 12 da ke fitowa daga batir da altaneta (mai yi wa batir caji) ta ciyar da fitilu, famfon mai, fanka da kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira birenbos. Akwai kuma babbar wuta, wadda koyil ke ɗaukar waccan bolt 12 ya ninka ta har ta haura bolt 20,000, distiributa ya raba ta, wayoyi huɗu su kai ta bakin fulogi. Bakanikenka babbar yake zargi, mai wayarin kuma ƙaramar. Kowace da irin kukanta, kuma wanda ya fi kowa jin kukan shi ne mai tuƙin motar kullum.

Ciwon babbar wuta yakan bayyana lokacin da aka ɗora wa injin nauyi. Kana giya ta huɗu ko ta biyar, gudu kaɗan, ka taka totur za ka wuce tirela a hanyar Bodinga, sai ka ji motar na fizga kamar ana riƙe ta ta baya. Dalili shi ne, duk sa'ad da matsi ya ƙaru a cikin silinda, tartsatsi na buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya tsallake bakin fulogi, wanda tazararsa ba ta wuce milimita 0.7 zuwa 1.1 ba a galibin motocin nan. In robar waya ta tsage ko hular distiributa ta fashe, wutar za ta bi hanya mai sauƙi ta zuba a jikin injin. Sau da yawa silinda ɗaya ce ke fashi, shi ya sa rawar ke zuwa bi da bi, kuma in ka je bayan salansa za ka ji warin ɗanyen fetur.

Wannan ciwo yana bin yanayi, kuma yanayinmu ba ya raga masa. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan koyil da hular distiributa, a zauna lafiya da ita wata da watanni, sai ruwan farko ya sauka ko a wanke injin, ƙurar ta jiƙe ta zama hanyar da wuta ke bi. Koyil ɗin Golf 3 kuwa an san shi da tsagewa in ya tsufa. A bazara kuma, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, koyil mai rauni yakan yi aiki lafiya da safe, bayan tafiyar rabin awa ya fara gardama, in an tsaya ya huce ya dawo daidai kamar ba shi ba.

Ciwon ƙaramar wuta ba haka yake ba. Bai damu da gangara ko hawa ba, ya fi damuwa da abin da ka kunna. Injin na sulo lafiya, ka kunna manyan fitilu ko AC, ko fankar lagireto ta tashi, sai allurar injin ta faɗi, jikin mota ya ɗauki kyarma, fitilun dashbod su dusashe. Wani lokaci faɗawa rami kawai ke tayar da shi. Ba silinda ɗaya yake kamawa ba, duka huɗun yake taɓawa ba tare da tsari ba, domin koyil da famfon mai da birenbos duk daga akushi ɗaya suke ci. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi: koyil lafiyayye in bai samu cikakkiyar bolt 12 ba zai ba da tartsatsi mara ƙarfi, fulogi su yi baƙi, a ɗora musu laifi, a sauya su, bayan sati uku sababbin ma su yi baƙi.

Ka ce da dare abin ya fi tsanani, a tsaye yake kama ka, kuma sababbin fulogi ba su yi magani ba. Ni dai hankalina ya fi karkata ga maganar mai wayarin. Ko da ma ban karkata ba, ta nan zan ce a fara, domin gwajin ƙaramar wuta ba ya cin komai sai kuɗin aiki, gwajin babbar kuwa a garejinmu yakan zama "sayo mu gwada", kuma kayan wuta in ka fita da su daga shago da wuya a karɓa.

Ka sa a ɗora mitar auna wuta a gabanka, ka ga lambobin da idonka. Batir mai cikakken caji, bayan motar ta kwana, yana nuna kusan bolt 12.6, in ka ga 12.2 to ya sha kusan rabi. Lokacin tayar da injin kada ya faɗi ƙasa da 9.6. Injin na aiki, a ga tsakanin 13.8 da 14.4, sannan a kunna fitilu da AC a sake dubawa. In ya gangaro ƙasa da 13, a duba bel ɗin altaneta da ita kanta altanetar. Gwajin da aka fi mantawa da shi, wanda kuma na fi ba muhimmanci, shi ne na wayar da ta tashi daga baƙin kan batir, wato mai alamar (-), zuwa bodi da injin. A sa bakin mita ɗaya a baƙin kan batir ɗin, ɗayan a jikin injin, komai a kunne. Abin da ya wuce 0.2 alama ce wutar na wahala kafin ta koma gida. In babu mita a kusa, a ɗauki kebul ɗin da ake jona batir da shi, a haɗa baƙin kan batir da ƙarfen injin kai tsaye. Rawar in ta lafa nan take, an kama ɓarawon.

Na taɓa sayen distiributa sukutum saboda wata Carina E da nake da ita, domin a wannan motar koyil a cikinsa yake. Bayan an ɗaura, rawar tana nan. Ashe waya ce ɗaya a bayan injin, ƙusoshinta sun yi tsatsa, zarenta rabi ya tsinke. Sandfefa da sabuwar waya suka gama aikin. Har yau ina jin ciwon kuɗin nan, shi ya sa nake nanata maka.

Kana tsaye a wurin, ka leƙa abubuwan da aka yi wa motar a baya. Kan batir da aka cusa wa ƙusa don ya kama, farin gari ko kore da ya taru a kansa, fiyus da aka ɗaure da zaren waya, fankar da aka jona kai tsaye tana juyawa tun daga kunna makulli, wayar rediyo da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda. Motar da aka daina ƙera irinta tun wajen 1997 ta bi hannaye da yawa, kowa ya bar nasa tabon. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka yarda a cire kan batir injin na aiki wai don a gwada caji. A tsohuwar Peugeot 504 mai kwantak da kafireta an saba yin haka a wuce lafiya, amma a mota mai birenbos wutar da za ta yi tsalle tana iya ƙona shi.

In duk lambobin nan sun fito daidai, to bakanikenka ya ci gari, amma shi ma kada a tafi kasuwa tukuna. Bayan isha'i ka kai motar wuri mai duhu, ka buɗe bonet injin na aiki, a fesa ruwa kaɗan kamar raɓa a kan wayoyin fulogi da koyil. Inda wuta ke zuba za ka ga shuɗin tartsatsi, ka ji ƙas-ƙas. Kada ka kai hannu. Da safe a kwance fulogi huɗun a jera su yadda suke a injin: ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne, wanda ya fita daban da baƙi ko jiƙe da fetur shi ke nuna silindar da ke fashi, sai a bi wayarsa zuwa hula. A buɗe hular a duba tsaga da bakin rota, wato abin da ke juyawa a cikinta yana raba wutar. A kuma tabbatar an mayar da wayoyin a jerinsu na 1-3-4-2, domin bayan sauya fulogi sau biyu ba abin mamaki ba ne a ce an taɓa su.

Kada ka dogara da ƙaramar na'urar gwajin nan da ake jonawa da wayar hannu. Sai daga 2001 aka wajabta wa motocin fetur na Turai tsarin da take karantawa, taka kuwa ta girme shi. Ka rubuto mana lambobin da mita ta nuna da launin kowane fulogi, in sha Allahu daga nan za mu san abin da ya cancanci a saya.