Canon EF 50mm f/1.8 STM: Abin da Gwaji Ya Nuna, da Inda Yake Tuntuɓe

Mai ɗaukar hoton biki da ya gaji da gilashin 18-55 da ke zuwa tare da kyamara, wannan hamsin ɗin, wato gilashin kyamara mai milimita 50, ake fara nuna masa. Canon ta fito da shi a 2015, ya maye gurbin EF 50mm f/1.8 II da ya shafe fiye da shekara 20 a kasuwa. Bayan aiki da shi a kan kyamarorin Canon 700D da 6D, ra'ayina shi ne ya ci kuɗinsa, sai dai lambar 1.8 da ke jikinsa, wato iyakar buɗewar ƙofar haskensa (lambar f tana ƙaruwa, ƙofar tana tsukewa), ta sa mutane da yawa suna ɓata hoto suna ɗora masa laifi.

A ciki ƙwayoyin gilashi 6 ne a rukuni 5, tsari ɗaya da na tsohon. A jiki aka yi gyara. Gindin da ke ɗaurewa da kyamara na ƙarfe ne, na tsohon kuwa roba. Ƙofar haskensa ganye 7 ne masu lanƙwasa maimakon 5, shi ya sa in ka tsuke shi zuwa f/2.8 fitilun da ke bayan amarya suke fitowa kewayayyu, ba masu kusurwa biyar ba. Yana kama abu daga santimita 35, tsohon sai 45. Nauyinsa giram 160. Bakinsa milimita 49 ne, don haka filtar 52 ta tsohon ba za ta hau ba sai da zoben ƙari.

Gwajin kaifi ba ya buƙatar kayan tsada. Manna jarida a bango mai santsi, ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku daga mita 2.5, sa ISO 100 da jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannu ya girgiza ta. Ɗauki hoto a f/1.8, 2.8, 4, 5.6 da 8, ka buɗe su a kwamfuta, ka faɗaɗa har ƙarshe. A f/1.8 rubutun tsakiya yana karantuwa, amma baƙin ya kan yi fari-fari kamar an shafa masa hazo, kusurwoyi sun yi laushi, a kan 6D ma har da duhu. Inda fari mai ƙyalli ya haɗu da baƙi, kamar farar shadda a rana ko sarƙar gwal, za ka ga wani siririn layi mai ruwan shuni a gefe. A f/2.8 hazon ya tafi. Tsakanin f/4 da f/5.6 kuwa sai ka ƙirga zaren aikin babbar riga. A nan gilashin yake kunyata waɗanda suka ninka shi kuɗi. Ka kuma kwatanta kusurwoyi huɗun da juna. In ɗaya ta fi sauran dishi-dishi a fili, wata ƙwaya ta goce daga mazauninta. Irin wannan ka mayar wa mai shi.

Kukan da aka fi yi shi ne "ba ya kama ido". Lissafi ne. A kan 700D, daga mita 2 a f/1.8, abin da ke fitowa tar bai wuce zurfin santimita 11 ba. Daga mita 1.5 kuwa kusan 6. Ango ya ɗan rusuna ko kai ka numfasa, saiti ya koma kunne. Ga shi babu na'urar hana girgiza a cikinsa, don haka kada gudun shota ya yi ƙasa da 1/100, in mutum na motsi 1/200. Mutum biyu a jere, f/2.8 ko f/4 ne wurinka.

In kana zargin gilashin ne da kansa, jingina rula a karkace kusa da kwalin ashana, gaban kwalin ya yi daidai da lamba 15. Saita a kan kwalin ta tagar leƙe sau biyar, kana ɓata saitin kafin kowane ɗauka, sannan ka maimaita ta allon baya. Ta allo, sensar kanta ce ke auna kaifi, shi ya sa ba ta cika kuskure ba. In hotunan allo sun zauna a 15, na tagar leƙe kuma kullum suna 13 ko 17, tsakanin kyamara da gilashi ne ba a jitu ba. 70D, 80D, 7D da 6D suna da wurin daidaita wannan a cikin menu. 60D, 600D, 700D da 1300D ba su da shi. In kuwa yau gaba gobe baya ne, daidaitawa ba za ta yi magani ba, ka duba haske ko hannunka.

Injin da ke juya saitinsa, wato STM, ya fi na tsohon natsuwa, amma ba shiru yake ba, makirfon kyamara na ɗauko ƙugin nasa a bidiyo. Zoben saiti na hannu kuma da wuta yake aiki, in kyamara a kashe take ko ka yi ta murzawa babu abin da zai motsa. Wannan ya haifi wani kuskure da ke iya kashe shi. Hancinsa yana fitowa waje in ka saita abu na kusa, sai a cire shi a haka a cusa a jaka, a danne. Matsin yana sauka kai tsaye a kan ƙananan giyoyin da ke tura hancin. Kafin ka kashe kyamara, saita shi a kan abu mai nisa ya koma ciki. Wasu kyamarorin, irin su 80D, suna iya janye shi da kansu. Hular tare haske ta ES-68 da ake ɗaurawa a bakinsa ma tana kare hancin daga bugu.

Mai sayen na hannu, ya cire murfi biyu ya haska tocila ta baya, yana kallo ta gaba a karkace. Ƙura ɗaiɗai ba komai ba ce. Gilashin ba a toshe yake ba, duk wanda ya ga hunturu ɗaya a Kano ko Damagaram zai kwashi rabonsa, kuma ba ta fitowa a hoto. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ke nan, tana samuwa in an rufe shi a jaka mai laima da damina. In ta daɗe tana cin fentin da ke kan ƙwayar, ko an goge tabon na nan. Ajiye shi a mazubi mai rufuwa ruf da ƙullin silika, kana shanya ƙullin lokaci-lokaci.

Gyaran da ya dace a gida kaɗan ne. In kyamara ta nuna Err 01, magana ce ta yanke tsakaninta da gilashi. Ɗiga barasar isopropil a tsumma marar gashi, ka goge ɗigo-ɗigon nan masu ruwan gwal da ke gindinsa, ka bari ya bushe. Kada ka kankare su da abin goge fensir. Ƙwayar gaba kuwa, hura mata iska da famfon roba tukuna, don gogewa a kan yashi ita ke karce ta. Wanda ya nace sai ya buɗe, ya sani sukurorin na ma'aunin Japan ne, JIS, sukudireban Phillips na cinye kansu, kuma fleks ɗin ciki, wato siririyar wayar nan mai kamar kirtani, ba ya son ja ko kaɗan. In giya ko inji ya mutu, ka haɗa kuɗin kaya da na aiki ka kwatanta da farashin wani na hannu kafin ka amince.

Saura maganar wuri. A kan 700D da danginta, saboda sensarsu ƙarama ce, hamsin yana zama kamar milimita 80 ne. Don ka ɗauki mutum daga kai har ƙafa, kyamara a tsaye, sai ka ja baya kusan mita 4.5, a kwance kuwa kusan 7. Ɗakin amarya da aka cika da gado da kabet ba shi da wannan filin. Fuska da rabin jiki, a tsakar gida ko zauren taro, nan ne gidansa. Na cikin ɗaki, EF-S 24mm f/2.8 STM ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.