Sharhi a Kan Ƙwayar Levothyroxine, Daga Mai Fama da Hashimoto

Idan likita ya ce miki kina da Hashimoto, wato ciwon da ke raunana tairod da ke gaban wuya, ya kuma rubuta miki levothyroxine, ki karɓa da hannu bibbiyu. Maganin yana aiki, ni ganau ce. Sai dai yana da dokoki masu tsauri, kuma ba kowane mai sayar da magani a Kaduna ke tsayawa ya faɗa wa mutum su ba. Saboda dokokin nan na zauna rubuta wannan sharhi.

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada. Kafin a gano ciwon na sha maganin maleriya da taifot har na gaji, don duk wanda ya je kyamis da kasala abin da ake fara miƙa masa ke nan. Nawa kuwa ya wuce kasala. Cikin watan Afrilu, gari na kuka da zafi, ni ina neman bargo. Gashi na bin mataji, fata ta bushe, jiki na ƙara nauyi alhali abinci ba ya shiga, bayan gida ya yi tauri, al'ada ta rikice. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mantuwa: ina tsaye gaban allo, sunan yaron da na sani tun yana aji ɗaya ya ɓace mini. Wata likita ce ta taɓa wuyana ta ce, "Malama, haɗiyi yawu in gani," sannan ta tura ni gwajin jini: TSH, T4 da anti-TPO.

A gaban wuya, ƙasan maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta da ake kira tairod, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo ya fito. Ita ke samar da T4, sinadarin da ke daidaita bugun zuciya, ɗumin jiki da sarrafa abinci. A ciwon Hashimoto, garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa tairod ɗin, tana cinye ta a hankali har aikinta ya yi rauni. Wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, ya fara bayyana shi a 1912, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba. Gwajin anti-TPO ke nuna hannun garkuwar jiki a ciki. TSH kuma saƙo ne daga ƙasan ƙwaƙwalwa, yana hawa sama idan tairod ta gaza. A yawancin dakunan gwaji ana son ganinsa tsakanin 0.4 da 4. Nawa ya yi sama sosai.

Masu cewa a ƙara cin gishiri mai aidin suna da kyakkyawar niyya, amma wannan maganin wani maƙoƙon ne daban. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin Najeriya. Mai Hashimoto ba aidin ta rasa ba, yawansa ma yana iya ƙara dagula mata lissafi.

Ƙwayar levothyroxine 'yar mitsitsiya ce, ba ɗaci, sau ɗaya a rana. Abin da ke cikinta shi ne sinadarin T4 da jiki ya kasa samarwa. Ba ta hana garkuwar jiki abin da take yi, giɓin kawai take cikewa, shi ya sa galibi shanta na har abada ne. Wannan magana ta yi mini nauyi a ranar da na ji ta, amma gara likitar da ta faɗa mini gaskiya tun farko. An fara mini da maikirogiram 50, aka sake gwaji bayan mako shida zuwa takwas kamar yadda ƙa'ida take, aka kai ni 100. Ni Euthyrox na kamfanin Merck nake sha.

Kada ki sa rai da sauƙi cikin kwana biyu. Jin sanyi da nauyin barci ne suka fara barina, daga baya kaina ya washe, al'ada ta daidaita. Gashi ya ɗauki watanni. Ƙiba kuwa kaɗan ta sauka, sauran sai da na haɗa da tafiyar ƙafa. Duk wadda aka ce mata maganin rage ƙiba ne an cuce ta, don idan ya yi wa jiki yawa yana kawo bugun zuciya, rawar hannu, rashin barci, kuma a daɗe yana raunana ƙashi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ana shan ta ne da ruwa zalla, ciki babu komai, a jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. Mu da ke tashi Asuba wannan ya zo mana da sauƙi: ina sha kafin alwala, kafin in gama azkar in shirya yara lokaci ya cika. Shayi mai madara, kofi, da duk abin da aka yi da waken suya suna rage yadda hanji ke tsotse ta. A layin ganin likita na haɗu da wata baiwar Allah daga Rigasa da aka yi ta ƙara wa magani TSH ɗinta ya ƙi sauka, ashe da shayi da awara take kora ƙwayar kullum da safe, ba wanda ya taɓa ce mata kada ta yi. Ba a hana cin awara ba, a dai ba da tazara. Maganin ƙarin jini, na ƙarin ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na gyambon ciki, su tazarar awa huɗu suke bukata. A watan azumi likitata ta ba ni zaɓi biyu: ko in riga kowa tashi in sha kafin sahur da rabin awa, ko in sha lokacin kwanciya, awa uku bayan abincin ƙarshe. Na farkon ya fi mini, don a gidanmu ciye-ciye ba ya yankewa bayan tarawihi.

Inda nake da ƙorafi shi ne wajen saye. Takardar cikin kwali ta ce a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ba, a nan kuwa bazara kan doshi 40. Na shiga shaguna masu rufin kwano, ba fanka, maganin na jere kusa da taga. Ban saya ba, kuma ba zan ba kowa shawarar saye a irin wurin ba. Ki nemi babban shago mai sanyi, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a gida kuma kada ki bar shi a mota ko kicin. Wani lokaci nau'in da kika saba ya yanke a gari, mai shago ya ce, "Hajiya, ai duk ɗaya ne." Sinadarin ɗaya ne, amma likitoci sun fi son a tsaya a kan kamfani guda, in kuwa dole ta sa an sauya, a sake gwajin TSH. Kuɗinsa da na gwaji sun tashi sosai tun faɗuwar darajar naira a 2023, kuma ga mai ƙaramin albashi gwajin ne ya fi ciwo.

Wata 'yar ƙanwar mahaifiyata ita ma tairod ce, amma nata Graves ne, ciwon da ya ɗauki sunan likitan Ayaland Robert Graves wanda ya yi bayaninsa a 1835. A nata, garkuwar jiki zuga tairod take yi ta yi aiki fiye da kima: rama, zufa, faɗuwar gaba, idanu sun firfito. Ita carbimazole, mai rage aikin tairod, take sha, a ƙarƙashin likitocin asibitin koyarwa na Shika. Da za ta sha nawa da ya ƙara mata wuta, don haka ba a aron wannan magani ko tsakanin 'yan uwa.

Mai neman haihuwa kuma ta sa a duba mata TSH tun kafin ciki. Da zarar ya tabbata ta koma wurin likita a makon, kada ta daina shan ƙwayar, don bukatar jiki kan ƙaru da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, kuma a watannin farko ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa take dogara.