Na'urar awon tansiyo ta gida: injin ba laifi, madaurin ne ya so ya cuce mu

Wata huɗu ke nan da na'urar awon hawan jini ta shigo gidanmu a Yelwa, nan Garwa. Kun san ta, farar nan mai babban allo da maɓalli ɗaya da ake jerawa a farmasi, kuɗinta ma ba sai na faɗa ba. Saboda Gwaggo aka saye ta, don tana shan maganin hawan jini, amlodipin miligiram 5, kowace safiya. Ta damtse na zaɓa da gangan, domin ta wuyan hannu sai hannu ya tsaya daidai saitin zuciya, da ya ɗan sauka ko ya hau lamba ta sauya.

Injin kansa yana aiki. Lambobinsa manya ne, tsoho mai raunin ido zai karanta, kuma ba ya cin minti ɗaya. Abin da za a kiyaye shi ne a asibitocinmu ana cewa tansiyo 14/9, shi kuwa injin 140/90 zai nuna. Abu ɗaya ne, sifili kawai ake ƙarawa. Lamba ta uku ta can ƙasa bugun zuciya ce, kada a haɗa ta da sauran.

To ga inda raina ya ɓaci. Satin farko injin bai daina nuna 164/99, 168/101, 161/97 ba. Hankalin gida ya tashi. Wannan ya ce a ninka mata ƙwaya, waccan ta jiƙa zoɓo da tafarnuwa. Allah ya kiyaye ba a ninka ba, aka ɗauki Gwaggo da injin da karnenta, wato littafinta na ganin likita, zuwa asibiti. Nas ɗin ko kunna shi ba ta yi ba. Ta dubi damtse, ta dubi madauri, ta ce: "Hajiya, wannan ai bai zagaye hannunki ba." Ta sa tef a tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu: santimita 43. A jikin madaurin kuwa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta 22 zuwa 32. Da ta ɗauko babban madauri ta auna sau biyu, 142/87 aka samu.

Dalilin a fili yake. Cikin madauri akwai jakar roba mai ɗaukar iska, kuma ana so ta zagaye kusan kashi 80 cikin 100 na damtse. Idan ta gaza, sai injin ya yi ta bunƙasa iska fiye da kima kafin ya toshe jijiyar jini, sai lamba ta hau alhali jinin bai kai haka ba. Akasin haka ma yana faruwa: babban madauri a siririn hannu yana rage lamba, mai ciwo ya zauna yana cewa lafiya lau. Ku yi tunanin tsohuwa ta ninka magani ba da sanin likita ba a zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ake haura digiri 40, ga gumi, ga ƙarancin ruwa a jiki. Jiri ne da faɗuwa a banɗaki, ga kumburin ƙafa da amlodipin ke kawowa idan an ƙara yawansa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mai sayarwa bai tambayi wa za a auna ba. Tambaya ɗaya ce fa! Da aka koma masa sai cewa ya yi: "Malam, babba sai an yi oda daga Duwala." Sati uku aka jira, kuma sai da aka tabbatar bakin tiyon ya dace da ramin injin, don ba kowane madauri ke shiga kowane inji ba.

Gaskiya mu ma da namu laifin. A tabarma ake auna ta, baya ba jingina, hannu na lilo, madauri a kan hannun riga, ga hira ana yi, ga goro a baki. Kowanne cikin waɗannan yana ɗan tura lamba sama. Yadda ya kamata: a yi fitsari tukuna, a bar goro, shayi, kofi da taba na minti 30, a zauna a kujera mai jingina minti 5, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Madauri a kan fata, yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyo na bin cikin hannu, a ɗaure yadda yatsu biyu za su shiga da ƙyar. A yi shiru. A auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin magani da kuma dare, kwana 7. A jefar da na ranar farko, a ɗauki matsakaicin sauran a kai wa likita. A gida daga 135/85 ake fara lissafin ya hau, a asibiti 140/90.

Da babban madauri ya zo, lambobin gida suka yi kusa da na asibiti, har na fara yaba injin a gaban mutane. Sai batir ya fito da nasa halin. Guda huɗu yake ci, masu girman AA, kuma babban madauri ya fi shan iska. Batir mai araha na bakin kasuwa ba ya kai sati biyu, injin ya fara kuka a hankali, ya tsaya a tsakiya ya rubuta Err, wato an samu matsala. Sai batir irin wanda aka rubuta alkaline a jikinsa. Kuma duk sanda aka cire batir kwanan wata ya goge, ga shi yana tara awon kowa wuri ɗaya, na Gwaggo da na maƙwabciyar da ta shigo "a ɗan gwada ni". Don haka biro da littafi sun fi ma'ajiyarsa amfani. Takardar cikin kwali ta ce ya yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40, kun ga ɗakin kwano da azahar a bazara ba wurinsa ba ne. Ƙurar hunturu kuma tana kashe abin mannawar madauri, a riƙa mayar da shi jaka.

Abu ɗaya kada a tsaya gardama da inji a kai: idan ya nuna 180/120 ko sama, a huta minti 5 a sake. In bai sauka ba a nemi likita a ranar. In kuwa akwai matsanancin ciwon kai, ciwon ƙirji, dishi-dishin gani, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, asibiti nan take, ba zoɓo ba. Mai ciki kuwa, 140/90 ma ya isa a kai ta awo ba jinkiri.

Zan ce a saya? E, amma a je farmasi da tef ɗin tela, a auna damtse, a karanta lambar jikin madauri kafin a miƙa kuɗi. Injin yana da ramin caja mai volt 6 a gefe, amma cajar ba ta cikin kwali, kuma har yau mai kantin cewa yake tana hanya.