Kwana biyar da Yaya ta yi a kan na'urar ECMO

Aikin gwiwa ne ya kai mu Alkahira. Kwana huɗu bayan aikin, yayata ta miƙe za ta shiga banɗaki, sai ta dafe ƙirji ta zube. Ashe gudan jini ne ya taso daga jijiyar ƙafarta ya toshe hanyar da ke kai jini huhu. Ɓangaren dama na zuciyarta ya yi ta turawa har ya gaza. Allurar narkar da gudan ba ta yiwuwa, domin ɗinki ɗanye ne, jini zai iya ɓallewa. Shi ne aka miƙo min takarda in sa hannu a ɗora ta kan ECMO, na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci.

Ba zan manta da tiyo biyun nan da aka zura mata a matsematsi ba, kowanne ya kusa kaurin yatsa. Ta ɗaya jini ke fita, baƙi-baƙi kamar zoɓon da ya ji jiƙo, ya ratsa wani ɗan akwati da ke cire masa gurɓatacciyar iska ya ba shi oksijin, ya komo ta ɗayan jajawur. Nakan zauna ina kallon launukan nan biyu ina salati.

Inda na ga gazawar likitocin shi ne bayani. Sai a rana ta biyu wani likita ya zaunar da ni ya ce na'urar ba ta narkar da gudan, riƙe aikin zuciya da huhu kawai take yi kafin a cire shi. Da wani siririn bututu aka zuƙo shi daga baya. Shi ne kuma ya ba ni labarin John Gibbon, likitan Amurka da ya kwana yana kula da wata mai irin ciwon nan a farkon shekarun 1930, ta rasu, ya duƙufa har na'urarsa ta zuciya da huhu ta yi nasara a 1953.

Wahalar da Yaya ta sha ba kaɗan ba ce. Saboda heparin, maganin hana jini daskarewa da ake ba ta, bakin tiyon ya yi ta tsattsafar jini har aka yi mata ƙari. Ƙafarta ta yi sanyi ƙalau, ma'aikatan jinya na duba ta dare da rana. Kuɗi kuwa, sai da muka sayar da fili.

Duk da haka, da za a sake miƙo min takardar, zan sa hannu. Yaya tana gida yanzu, alhamdulillahi, tana shan rivaroxaban, maganin hana gudan jini, kullum, ƙafar dai har yau takan yi mata nauyi idan ta daɗe a tsaye.