Yaron da na yi shekara uku ina ce wa malalaci

'Yan uwa, tun da muka sauka Ingila kuke tambayata yadda makarantar yara take a nan. Na daɗe ina kauce wa amsa, don ba zan iya ba ku labarin ba sai na tona asirin kaina.

Babban ɗana yana da shekara 11 muka zo, aka sa shi aji na bakwai, wato farkon sakandare a tsarinsu. Ba a cika mako shida ba sai ga saƙo, ana son ganina. Na tafi fuska a ɗaure, raina ya gama ba ni ya yi wata ɓarna. Malamar ta ba ni kujera, ta buɗe littafinsa, ta nuna mini inda yake tsallake layi, da inda ya rubuta kalma ɗaya iri uku a shafi guda. Ta ce sun gwada karatun duk 'yan ajin, nasa bai wuce na ɗan shekara takwas ba, amma in aka karanta masa tambaya da baki, yana cikin na gaba-gaba wajen amsawa. Suna zaton disleksiya ce, matsalar da ke wahalar da yaro wajen haɗa harafi da sautinsa, kuma ba ruwanta da ƙarancin basira. Sai ta tambaye ni me muke yi masa a gida in ya kasa karatu.

Wallahi bakina ya mutu. Shekara uku ina ce wa yaron nan malalaci. Na hana shi ƙwallo, na kunyata shi gaban ƙannensa, har hannu na taɓa ɗaga masa a kan jan biro da ya cika masa littafi. Yana zaune gefena ranar, kansa a sunkuye, bai tona ni ba.

Daga baya na gane ba kirkin matar nan kaɗai ba ne, doka ce. Kowace makarantar gwamnati dole ta ware ƙwararren malami mai bibiyar yara masu buƙata ta musamman. Aka sa shi cikin 'yan tsirarun da ake zaunar da su karatu sau uku a mako, aka ce in buƙatar ta tabbata za a iya ƙara masa kashi 25 cikin ɗari na lokaci a jarrabawar GCSE da suke yi a shekara 16. A nan an kiyasta mutum ɗaya cikin goma yana da wannan matsala. Ku lissafa mini, a ajin da muka yi mu saba'in ko tamanin, yara nawa muka yi wa waƙar daƙiƙi alhali ba daƙiƙai ba ne?

Ban ɗora wa malamanmu laifin duka ba, wanda aka jibga wa yara tamanin ina zai ga rubutun kowa? Mu iyaye nake tuhuma. Tambayarmu ɗaya ce idan an kawo sakamako: na nawa ya zo? A takardar ɗana babu na ɗaya babu na ƙarshe, sai inda ya faro da inda ya kai a kowane darasi. Bulala kuwa tun 1986 majalisarsu ta haramta ta a makarantun gwamnati.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Cikakken gwajin da zai tabbatar da matsalar, aka ce in nemi ƙwararre da kuɗina, fam ɗaruruwa. Wanda ɗansa ke buƙatar babban tallafi daga ƙaramar hukuma, doka ta ce mako 20, amma iyaye da yawa sun fi haka suna jira. Ga tarar fashi: tun watan Agustan 2024, in ka ɗauke yaro kwana biyar ba izini, fam 80 ne a kan kowane yaro, uwa daban uba daban, in ka yi jinkirin biya ya koma 160. Na so in kai su ganin kakarsu da ba ta da lafiya, aka ce in jira hutu. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Kuma har yau ban saba da ganin ɗalibi ya wuce malaminsa ko sannu babu ba. Ina kewar malaman da ke tsayar da kai a hanya su tambayi lafiyar mahaifinka.

Makon jiya yaron ya karanta mini shafi guda cif, a hankali, yatsansa a kan layi. Da ya gama na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai Baba," ya juya shafi na gaba.