Kwafin lambar yaƙin Binin 1897 da ake tallatawa a intanet: me ya dace da shi, me bai dace ba

Masu sayar da kayan tarihi a intanet suna tallata wani ɗan akwati mai ɗauke da kwafin lambar yaƙi ta East and West Africa Medal, haɗe da kati mai hoton Admiral Harry Rawson, hafsan sojan ruwan Ingila da ya jagoranci yaƙin Binin na 1897. Malaman tarihi a Sakkwato sun fara sayensa don nuna wa ɗalibai. Hukunci tun farko: kayan koyarwa ne mai kyau, amma ba azurfa ba ne, kuma katin yana da kuskuren da ya shafe mu kai tsaye.

Lambar ta asali gwamnatin Ingila ta ƙirƙiro ta a 1892. Azurfa ce, faɗinta milimita 36. A gaba akwai kan Sarauniya Victoria da lulluɓi, a baya kuma hoton faɗa cikin kurmi. Ƙyallen rawaya ne, gefensa baƙi, da siraran layuka baƙaƙe biyu a tsakiya. Kwafin ya samo wannan duka, har da ƙaramin sandan ƙarfen da ke gicciye a kan ƙyallen mai rubutun BENIN 1897. Daga nesa ba ka rabe su.

Da an juya bayan sai asiri ya tonu. Ta asali buga ta aka yi da hatimin ƙarfe, don haka kowane ganye da kowane bakin bindiga ya fito tsaf. Wannan kuwa zubi ce. Sa tabarau mai ƙara girma za ka ga ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a filin da ya kamata ya zama sumul, ganyayen sun narke cikin juna, ga kuma siririn layi a gefe inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Maratayinta ma a daskare yake, alhali na asali yana juyawa.

Kada a dogara da maganaɗisu. Ba ya kama azurfa, amma tutiya da tagulla ma ba ya kama su. Gwajin da ke aiki shi ne na ruwa. A nemi ƙaramin sikeli irin na masu zinariya, a cire ƙyallen, a auna lambar. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da shi sifili, a rataye lambar da zare ta nutse ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, a rubuta abin da ya nuna. A raba nauyin farko da na biyu. Azurfa tana ba da 10.3 ko kusa da haka, tagulla wajen 8.9, tutiya wajen 7. Wannan kwafi a layin tutiya ya faɗa, fenti kawai aka yi masa. Kowane maƙerin fari a babbar kasuwa zai faɗa maka haka daga jin nauyinta a tafin hannu.

Gefen lambar fayau yake, ba suna, kuma wannan abin yabo ne. A ta asali ana rubuta sunan mai ita da muƙaminsa da jirginsa, kamar H.M.S. St George, jirgin Rawson kansa. Duk wanda ya kawo maka mai suna yana neman kuɗi masu yawa, a duba sunan a rajistar lambobin sojan ruwan Ingila, ADM 171, ta gidan adana takardu na Kew a Landan kafin a biya ko sisi. Da dai an buga kalmar COPY a jikinta da ya fi, don wata rana wani zai shafa mata ƙasa ya ce ta kakansa ce.

Katin ya faɗi gaskiya cewa Rawson ne ya jagoranci mutum kusan 1,200 suka ci Binin a Fabrairun 1897, aka kai sarkin Binin, Oba Ovonramwen, Kalaba. Bai ce uffan ba kan ƙona birnin da kwashe kayan tagullar fada. Sai kuma ya ƙara cewa lambar ta shafi "duk yaƙe-yaƙen Najeriya". Ba haka ba ne. Ranar 15 ga Maris 1903 da rundunar Lugard ta shiga Sakkwato, Rawson yana gwamna a New South Wales ta Ostareliya. Lambar wancan yaƙin daban ce, Africa General Service Medal ta 1902, mai kan Sarki Edward VII, layukan tsakiyar ƙyallenta kore ne, sandanta na cewa N. NIGERIA 1903. Ta Satiru kuwa N. NIGERIA 1906. Malamin da ke koyar da Giginya da Burmi wannan yake buƙata.

Wajen ajiya, a fitar da ita daga ledar roba mai laushi da ta zo a ciki, domin zafin bazara na sa ledar ta yi gumi ta ci fentin. A naɗe ta a farin ƙyallen auduga. Ƙurar hunturu a share ta da buroshi mai taushi, ban da toka, ban da man goge ƙarfe: shafa biyu ko uku tutiyar za ta leƙo a kumatun Sarauniya.