Feluka da kofin hummus sham: yadda na ga yawon Kogin Nilu a Alƙahira

Duk wanda ya je Alƙahira, ko jinya ta kai shi ko karatu ko sayayya, ina ba shi shawara ya ware yamma guda ya hau ruwan Nilu. Amma jiragen kala-kala ne, kuma wanda ka zaɓa shi zai sa ka dawo kana yabo ko kana cizon yatsa. Ni dai na gwada na inji, na gwada na iska wanda suke kira feluka, kuma ba na ɓoye cewa na iskan ne ya kwanta min a rai.

Rakiyar mahaifiyarmu ce ta kai ni, aka yi mata aikin ido. Da likita ya ba ta izinin fita, ƙanena da ke karatu a Azhar ya matsa sai mun je bakin kogi, ya ce zaman ɗaki ya ishe ta haka. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Sadat da ke dandalin Tahrir, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa gadar Ƙasrun Nil. Gadar da ake hawa yanzu an buɗe ta a 1933, amma zakunan tagulla huɗun da ke gadin bakunanta, biyu nan biyu can, sun girme ta, domin tun tsohuwar gadar zamanin mai mulkin Masar Khidiwi Isma'il suke wurin. Da la'asar sakaliya gadar cika take maƙil: ma'aurata, 'yan makaranta, masu ɗaukar hoto, masu kamun kifi da ƙugiya, sai kuma kekunan masu sayar da abin taɓawa jere a gefen titin bakin ruwa.

Tun kafin ka sauka daga gadar 'yan kamasho za su yi maka caa. Kowa na jan hannun rigarka, kowa na rantsuwa jirginsa ne ya fi. Wannan shi ne abu na farko da ya ɓata min rai, musamman ganin ina riƙe da tsohuwa da ba ta gama warwarewa ba. Ƙanena da ya san halinsu bai tsaya musu da kowa ba, “la'a, shukran” kawai yake cewa yana wucewa, mu kuma muna biye.

Na inji muka fara shiga, domin su ne birjik a ƙarƙashin gadar, kuma kuɗinsu kai-kai ake biya, bai taka kara ya karya ba. An yi musu ado da fitilu ja da kore da shuɗi, an ɗaura manyan lasifika. Da jirgi ya cika aka saki kiɗa, ƙarar da kake jin ta har cikin ƙirji, matasa suka miƙe suna rawa a tsakiya. Su kam suna jin daɗinsu, ba na zargin su, hutunsu ne kuma garinsu ne. Amma ga warin man dizal, ga hayaƙi, ko maganar na kusa da kai ba ka ji. Hajiya ta toshe kunne da mayafi ta yi shiru har muka dawo. Zagayen gajere ne, an bi ta ƙarƙashin gada, an ɗan nausa arewa, an juyo. Idan kai saurayi ne da abokai kuma aljihu ba nauyi, zai yi maka. Mai tafe da iyaye ko ƙananan yara ya nemi wani.

Feluka kuwa wata duniya ce daban. Muka same su a wata matsaya da ke unguwar Garden City, kudu da gadar. Jirgi ne na katako mai faɗi, an shimfiɗa katifu da matasai a kewaye, da tebur a tsakiya, sama kuma doguwar sanda ɗauke da ƙaton farin kyalle mai kusurwa uku. Babu inji. Ba kai-kai ake biya ba, jirgin gaba ɗaya kake ɗauka na awa guda ko biyu, ko ku biyu ne ko ku goma. Saboda haka idan kuna da yawa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ciniki dole ne, kuma farashin farko da za a faɗa wa baƙo ba shi ne na gaskiya ba. Tun da fam ɗin Masar ya faɗi warwas a watan Maris na 2024 farashin komai yake ta sauyawa, don haka abin da ya fi shi ne ka tambayi ɗalibanmu da ke can nawa ake biya a makon da ka je, ka riƙe wannan a ka kafin ka buɗe baki.

Matuƙin, wanda ake kira rayyis, dattijo ne baƙi siriri cikin jallabiya ruwan toka da rawani, ya ce daga Aswan ya fito, kuma tun yana yaro yake kan ruwa. Shi ya riƙe hannun Hajiya ya tsallakar da ita kan siririn katakon da ake takawa a shiga, yana cewa “a hankali, ya hajja”. Ya tura jirgin da gora, ya kwance igiya, kyallen ya buɗe ya kumbura, sai kawai muka ga bakin gaɓa yana ja da baya. Abin da na fi tunawa shi ne yadda ƙarar gari ta yanke. Alƙahira gari ne da hon ɗin mota ba ya tsayawa dare da rana, amma muna kaiwa tsakiyar kogi sai ya koma can nesa-nesa, abin da ke kusa sai ruwa yana dukan katako da ƙarar igiya idan iska ta ja ta.

Na zauna kusa da shi ina kallon aikinsa. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan sandar juya jirgi, hannu ɗaya riƙe da igiyar kyalle, ɗayan da kofin shayi, idonsa kuwa yana kan fuskar ruwa, yana gane inda iska za ta bugo tun kafin ta iso. Ƙanena yana yi mana tafinta, ya bayyana mana dalilin da ya sa wannan sana'a ta yi dubban shekaru a Masar: ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa, iska kuma yawancin shekara daga arewa take busowa zuwa kudu. Mai zuwa kudu sai ya buɗe kyalle iska ta kai shi, mai dawowa ya bar wa ruwa aikin. Da haka aka yi ta safarar hatsi da duwatsu tun zamanin Fir'aunoni. Na sha karanta wannan, amma ganin dattijon yana yi da ƙafa ɗaya ya fi min karatun.

A nan ne abin taɓawar ya shigo. Kafin mu hau, ƙanena ya tsaya wajen wani mai keke da tukunya tana tururi, ya sayo mana hummus sham, wasu kuma halabissa suke ce masa. Wani wake ne dunƙulalle mai kama da gurjiya, an dafa shi ya yi luguf a cikin romon tumatir da tafarnuwa da albasa da kayan ƙamshin da suke kira kammun. Mai sayarwa zai ɗebo waken da romon ya cika kofi, ya matse lemon tsami, ya tambaye ka ko a sa shaɗɗa, wato barkono, ya ba ka da ƙaramin cokali. Ka kurɓi romo, ka ɗebi wake. Ni na ce a sa barkono da yawa, kuma ban ga laifinsa ba, domin yajinsu bai kai namu ba. Lokacin sanyi ne, iskar kogi tana ratsa riga, kofin nan yana ɗumama tafin hannu, tsamin lemon da zafin romon suna sauka har ciki. Hajiya, wadda tun zuwanmu take ƙorafin abincinsu ba ɗanɗano, ta shanye nata tas ta ce da ƙanena, “Auta, ashe suna da abin kirki ka ɓoye mana.” Abu ɗaya zan ce a kula: a saya wurin wanda tukunyarsa ke tafasa a kan wuta kana gani, kuma a saya dab da shiga jirgi, domin idan ya huce daɗinsa ya ragu da rabi.

Mun kuma sayi tirmis, wani wake ne rawaya mai faɗi da ake jiƙawa kwanaki har ɗacinsa ya fita, a barbaɗa gishiri da lemo. Ana matsa shi da haƙori ɓawon ya fita. Bai burge ni ba, gishiri ya yi yawa kuma sanyi ƙalau yake, ga neman inda za ka zuba ɓawo. Gasasshen dankalin Hausa da suke fitarwa daga tanda mai hayaƙi a kan keke ya fi shi sau nawa, zaƙi kamar an zuba zuma.

Abin kallo daga kan ruwa ba ya ƙarewa. Ta arewa ga Hasumiyar Alƙahira a tsibirin Jazira, tsayinta mita 187, an gama ta a 1961 zamanin Jamal Abdul Nasir, an yi mata saƙar siminti mai siffar furen bado. Idan duhu ya fara sai a kunna mata fitilu. Ta yamma ga gaɓar Giza, inda matasa 'yan wasan tseren kwale-kwale ke atisaye cikin dogayen jirage sirara. Ta kudu ga tsibirin Rauda da gadar Jami'a. Manyan otal-otal sun jeru a gaɓa, amma abin da ya fi tsaya min a rai wani ƙaramin kwale-kwale ne da ya gifta kusa da mu: miji yana jan koma, matar tana tuƙi, yaro yana barci a kan tsumma, ga risho da tukunya da shanyar kaya. A cikinsa suke kwana, a cikinsa suke tashi, a gindin benayen da kwana ɗaya a cikinsu ya fi abin da za su samu a wata. Hajiya ta daɗe tana bin su da kallo tana yi musu addu'a.

Ita dai Hajiya tunaninta ba a kan gine-gine yake ba. Ta sa hannu ta taɓa ruwan, ta ce yau ga ta a kan kogin da aka jefa Annabi Musa, alaihis salam, yana jariri cikin akwati. Ƙanena ya ƙara mata da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya ambaci Nilu cikin kogunan Aljanna. Daga nan har rana ta faɗi tasbihi take yi. Da magariba ta yi, kiran salla ya taso daga gaɓa biyu a lokaci guda, wani na bin wani a kan ruwa. Don wannan kaɗai zan ce a hau saura kamar awa guda rana ta faɗi, kuma a hau da alwala.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyya ya sani. Babu rigar kariya ko ɗaya da aka ba mu, da na tambaya sai aka nuna min wasu tsofaffi guda biyu cushe a ƙarƙashin benci. Mai zuwa da yara ya nace a fito da su tun jirgi bai tashi ba. Babu banɗaki a feluka. Ruwan kusa da gaɓa akwai robobi da leda da ciyawa, abin takaici ga kogin da ƙasar gaba ɗaya take sha daga gare shi. Sannan sandar jirgin doguwa ce, ba ta wucewa ƙarƙashin gadoji, don haka zagayen a tsakanin gada biyu yake, kai da komo. Wanda ya zaci za a kai shi yawo mai nisa zai ga kamar an cuce shi. Awar ma sai da aka so a gutsure ta: yaron jirgin ya fara haramar komawa saura kusan kwata, sai da ƙanena ya nuna masa agogo. A duba lokaci tare da su a farko, a kuma bar biyan kuɗi sai an sauka. Bakshish kuwa, wato ɗan ihsanin da ake ƙarawa, za a nema, kuma dattijon nan ya ci a ba shi.

Mai son fili da shiru fiye da haka ya je unguwar Ma'adi, can kudu, inda kogin ya fi sakewa kuma hayaniya ta yi ƙasa. Manyan jiragen cin abincin dare kuma suna nan, masu hawa biyu da uku, amma kuɗinsu da yawa, kuma yawancinsu da rawar mata a ciki, wasu har da giya, don haka mai iyali ya tambaya tukuna kafin ya yanki tikiti.

Abu guda da feluka ba za ta kai ka ba, amma ya dace a haɗa da shi, shi ne ma'aunin Nilu da ke ƙarshen tsibirin Rauda ta kudu. An gina shi a shekarar 861, zamanin halifan Abbasiyawa Mutawakkil. Rijiya ce mai matakala da ginshiƙin marmara a tsakiya, an yi masa zane kamu-kamu. Da shi ake auna cikar kogi kowace shekara: idan ruwa ya kai kamu 16 an san za a yi albarka, idan ya gaza ana fargabar yunwa, kuma da wannan awo ake yanka haraji. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970 ambaliyar ta daina isowa Alƙahira, rijiyar ta zama wurin ziyara kawai. Da rana ake buɗe shi, saboda haka a fara da can bayan azahar, a ɗauki tasi zuwa Garden City da la'asar. Daga Disamba zuwa Fabrairu a riƙo rigar sanyi mai kauri, tsofaffi kuma a ƙara musu da bargo. Tsakanin Maris da Mayu kuwa akwai ranakun da iskar hamsin ke taso da ƙura har ba a ganin ɗaya gaɓar, ranar da aka tashi da ita gara a ɗaga tafiyar zuwa gobe.